Tarihin Fasahar Gargajiya ta Japan da Hanyoyin Nazarinta

Da wuya a sami mai ilmin zamani da bai taɓa ganin hoton nan na wata babbar igiyar ruwa ba, wadda ta taso da kumfa kamar faratai za ta rufe jirage uku, ga kuma wani dutse mai farin kai can nesa. Aikin Hokusai ne, an buga shi wajen 1831, kuma ga mutane da yawa shi ne iyakar abin da su ka sani na fasahar Japan. Amma wanda ya tsaya nan kamar baƙo ne da ya ga zaure ya ce ya san gida, gama an gina tukwane masu ado a tsibiran nan fiye da shekara dubu goma kafin a haifi Hokusai. Nufin wannan takarda shi ne a bi tarihin a taƙaice, sa'an nan a nuna wa malamai inda za su nemi ƙarin bayani, da irin ramukan da ke kan hanya.

1. Maganar kalma

Ya kamata mu fara da sunan abin. Kalmar da Japanawa ke amfani da ita yau don fasaha, watau bijutsu, ba tsohuwa ba ce. An ƙirƙiro ta a 1872 wajen fassara takardun shirin baje kolin duniya na birnin Biyana, wanda a ka yi a 1873, domin a sami abin da zai tsaya a madadin kalmomin Jamusanci, kuma da farko har kiɗa da waƙa na cikin ma'anarta. Kafin wannan lokaci akwai mai zane, da masassaƙi, da maginin tukwane, da mai shafen ƙaro, kowa da sunan sana'arsa da gidan da ya gaje ta, ba wata kalma guda da ta tara su. Mai nazarin Hausa ba zai yi mamakin wannan ba, tun da ya ke kalmar fasaha da mu ke aiki da ita a nan asalinta daga Larabci ne, inda ta ke nufin iya magana, mu ne mu ka faɗaɗa ta.

Abin lura na biyu shi ne, a harshen Japan aikatau guda, kaku, shi ke ɗaukar ma'anar rubutawa da ta zanawa. Alƙalamin gashi ɗaya ne, tawada ɗaya ce, takarda ko siliki ɗaya ne. Saboda haka kyan rubutun hannu ba ya ƙasa da zane a wurinsu, sau da yawa ma shi ne a gaba. Wanda ya karanta tarihin nan da ma'aunin Turai, inda zanen fenti da sassaƙa ke sama, sauran kuwa a kira su aikin hannu, zai rasa dalilin da ya sa ƙaramin kwanon shan shayi ya fi hoto daraja a idon masu shi.

2. Daga tukwane zuwa ma'ajin Nara

Zamanin farko sunansa Jomon, ma'anarsa shaidar igiya, domin maginan su kan danna igiya a jikin ɗanyen yumɓu ta bar zane. Wani Ba'amurke, Edward Morse, shi ya haƙa tudun ɓawon kifi na Omori kusa da Tokiyo a 1877, daga bayaninsa sunan ya samo asali. Bayan Jomon sai Yayoi, lokacin da noman shinkafa da ƙirar tagulla su ka shigo daga babban yankin Asiya, sa'an nan zamanin manyan kaburbura, daga ƙarni na 3 zuwa na 6, inda a ke jera mutum-mutumin yumɓu, haniwa, a kan kabarin sarakuna. Duk waɗannan kusan ba su bar rubutu ba, sai abin da masu haƙa su ka tono.

Babban juyi ya zo a tsakiyar ƙarni na 6, sa'ad da sarkin Baekje na Koriya ya aiko wa fadar Japan siffar Buda da littattafan addininsa. Tsofaffin majiyoyi sun saɓa a kan shekarar, wata ta ce 538, wata 552. Tare da addinin ne magina da masassaƙa da masu zane su ka ƙetaro, rubutun Sin kuma ya kafu sosai. Haikalin Horyuji kusa da Nara, wanda a ka kafa a farkon ƙarni na 7, ya ƙone a 670 a ka sake gina shi, kuma gine-ginensa na cikin mafi tsufan gine-ginen katako da ke tsaye a duniya. A cikinsa akwai siffar tagulla ta aikin Tori mai ɗauke da rubutun shekarar 623 a bayanta.

Nara ta zama babban birni a 710. A 752 a ka buɗe babbar siffar Buda ta haikalin Todaiji, mai tsawon kusan mita 15. Amma ga mai nazari, abin da ya fi wannan amfani shi ne ma'ajin da ke kusa da ita, Shosoin. Da Sarki Shomu ya rasu a 756, matarsa Komyo ta ba haikalin kayansa fiye da 600, ta sa a ka rubuta jerinsu ɗaya bayan ɗaya. Aka ajiye su cikin rumbun gungume da a ka ɗaga bisa ginshiƙai, wanda ba a buɗe shi sai da iznin fada. Yau kayan ma'ajin sun kai wajen 9,000: kayan kiɗa masu adon ƙwaryar teku, da kwanonin gilas na ƙirar Farisa, da madubai, da yadudduka, da magunguna. Kaya ne da ba su taɓa shiga ƙasa ba, da takardar shaidarsu a gefe, sun shekara fiye da 1,200. Su ne ke nuna cewa Nara ita ce ƙarshen gabas na hanyar fatauci da ta ratsa Asiya.

3. Yadda aro ya zama gado

An mai da fada birnin Heian, watau Kiyoto, a 794, kuma a 894 a ka daina aika jakadu ƙasar Sin. A wannan zamani ne baƙaƙen kana su ka kammala. Asalinsu alamomin rubutun Sin ne da a ka ɗauka don sautinsu kaɗai, a ka yi ta sauƙaƙa su da gudun hannu har kowace ta tsaya a kan gaɓa guda, kusan yadda malamanmu su ka sarrafa baƙaƙen Larabci su ka zama ajami. Maza na fada su ka ci gaba da rubuta sha'anin mulki da harshen Sin, kana kuwa har a ka riƙa kiranta hannun mata. Da ita Murasaki Shikibu ta rubuta labarin Genji a farkon ƙarni na 11.

Zane ma ya rabu biyu kamar rubutu. Akwai kara-e, mai nuna duwatsu da mutanen Sin, akwai yamato-e, mai nuna ƙasar Japan da lokutan shekararta da labaranta. Mafi shaharar yamato-e su ne naɗaɗɗun takardu, emaki, waɗanda a ke warwarewa daga dama zuwa hagu, gwargwadon faɗin kafaɗa a lokaci guda, rubutu na bin hoto, hoto na bin rubutu, har mai kallo ya zama shi ke tafiyar da labarin da hannunsa. A cikin emaki na Genji, na ƙarni na 12, mai zanen ya cire rufin ɗakuna domin a hango mutane daga sama, ya yi ido da layi guda, hanci da ɗan lanƙwasa, ya bar halin zuciya ya fito daga yadda mutum ya sunkuya da yadda ginshiƙai su ka karkata. Abin da ya rage na wannan aiki yana rabe tsakanin gidan kayan tarihi na Tokugawa a Nagoya da na Gotoh a Tokiyo.

A sassaƙa, Jocho ya gyara hanyar haɗa siffa daga gutsattsarin katako da yawa, kamar yadda a ke gani a siffar Amida ta Byodoin, ta 1053. Wannan hanya ta sa mutane da yawa na iya aiki a kan siffa guda, shi ya sa a 1203, bayan mulki ya koma hannun mayaƙa a Kamakura, Unkei da Kaikei da mutanensu su ka gama masu gadin ƙofar Todaiji guda biyu, kowane fiye da mita 8, cikin kwana 69.

Igiyar aro ta biyu ta zo da ɗariƙar Zen da zanen tawada zalla. Sesshu, wanda ya rayu daga 1420 zuwa 1506, ya je ƙasar Sin da kansa wajen 1468, ya dawo da hannu mai ƙarfi wanda ya zama abin koyi. Daga wannan tushe gidan Kano ya taso. A nan sai mai karatu ya yi hattara: sunan zuri'ar masu zane ne, wasalinsa na ƙarshe dogo, ba shi da wata dangantaka da birninmu sai kamannin sauti. Masanobu ya kafa gidan a ƙarni na 15, zuri'arsa kuwa su ka riƙe aikin zanen masu mulki wajen shekara 400, suna koyar da almajirai ta hanyar kwaikwayon littattafan samfur. Kano Eitoku shi ya ƙawata manyan gidajen sarakunan yaƙi na ƙarni na 16 da shamakai masu fallen zinariya, waɗanda ke mai da ɗan hasken da ke shiga ɗaki. Yawancin aikinsa ya hallaka, har da na fadar Azuchi da ta ƙone a 1582.

A lokaci guda da wannan ƙyalƙyali, Sen no Rikyu ya mai da shan shayi ibadar sauƙi: ɗan ƙaramin ɗaki, bangon ƙasa, da baƙin kwano na Raku da a ka gina da hannu ba da juyi ba. Mai mulkin da ya ke yi wa hidima, Hideyoshi, shi ya umurce shi ya kashe kansa a 1591. Hideyoshin nan ne kuma ya kai wa Koriya yaƙi daga 1592 zuwa 1598, a ka kwaso maginan tukwanenta da ƙarfi zuwa Kiyushu. Daga hannunsu tangaran na Arita ya fara a farkon ƙarni na 17, wanda 'yan kasuwar Holan su ka riƙa kaiwa Turai.

4. Bugun katako na zamanin Edo

Daga 1603 zuwa 1868 gidan Tokugawa ya yi mulki daga Edo, watau Tokiyo ta yau. An sami zaman lafiya, birane su ka cika, 'yan kasuwa su ka yi kuɗi ko da ya ke doka ta ajiye su a ƙasan jerin jama'a. Su ne masu sayen ukiyo-e, ma'anarsa hotunan duniya mai shawagi: 'yan wasan kabuki, da kyawawan mata, da 'yan kokawa, daga baya kuma wurare.

Hoto guda aikin mutum huɗu ne. Mai ɗab'i shi ke zuba jari ya zaɓi abin da za a zana. Mai zane ya yi shi da tawada a siririyar takarda. Masassaƙi ya manna takardar a kife a kan allon katakon ceri, ya sassaƙe duk abin da ba layi ba, ta haka zanen asali ke hallaka a cikin aikin. Sa'an nan a sassaƙa allo dabam don kowane launi, da 'yar alama a gefe wadda ke sa takarda ta sauka wuri guda kowane bugu. Mai bugu ya shafa launi a allo, ya ɗora takarda mai laima, ya murza bayanta da wani faifai da a ke kira baren. Bugu mai launuka da yawa ya kammala a 1765 a hannun Suzuki Harunobu. Bayansa Utamaro ya shahara da fuskokin mata. Sharaku ya fitar da hotuna wajen 140 cikin wata goma, a 1794 da 1795, ya ɓace. Hokusai ya yi jerin hotunan dutsen Fuji, Hiroshige kuwa na zangunan hanyar Tokaido 53. Shuɗin da ke cikin igiyar ruwan Hokusai ma baƙo ne, launin da a ka fara haɗawa a Balin, ya shigo ta hanyar ciniki.

Kayan kasuwa ne masu araha, kuma manyan masana na Edo ba su ɗauke su a bakin kome ba idan a ka gwada da zanen gidan Kano, ko na Ogata Korin, ko na masu bin tafarkin malaman Sin. Turawa ne su ka ɗaukaka su a rabin ƙarshe na ƙarni na 19: Monet ya tara su, Van Gogh ya kwaikwayi biyu na Hiroshige da fenti a 1887. Daga nan ne karkatar da mu ka ambata a farko ta samo asali.

5. Yadda a ka kusa yin hasara

A 1868 a ka mai da mulki ga Sarki Meiji, sabuwar gwamnati kuwa ta ba da umurnin a raba addinin Shinto da na Buda. Abin ya zarce, a wurare da yawa a ka rufe haikalai, a ka ƙone siffofi ko a ka sayar da su. Masu zanen gidan Kano su ka rasa iyayen gijinsu. Makarantar fasaha ta farko da gwamnati ta buɗe, a 1876, malamanta daga Italiya su ke, zanen Turai su ke koyarwa.

Ba a daɗe ba a ka farga. Ernest Fenollosa, Ba'amurken da ya zo koyarwa a Jami'ar Tokiyo a 1878, da ɗalibinsa Okakura Kakuzo, sun zaga haikalai a cikin shekarun 1880 suna rubuta abin da ke ciki, har su ka sa a ka warware wata siffa ta Horyuji da ta daɗe a naɗe ba mai ganinta. A 1889 Makarantar Fasaha ta Tokiyo ta fara aiki da koyar da zanen gida, a shekarar kuma mujallar Kokka ta fara fitowa. A 1897 a ka yi dokar kare tsofaffin wuraren ibada. Cikakken tarihin fasahar Japan na farko da gwamnati ta shirya kuwa da Faransanci ya fara fitowa, don baje kolin birnin Faris na 1900. Watau an tsara labarin ne da idon baƙi a zuciya, kuma yawancin rabe-raben zamani da mu ke bi har yau daga wannan lokaci su ke.

Gobarar da ta lalata zanen bangon Horyuji ran 26 ga Janairu 1949 ita ta jawo dokar 1950 ta kare dukiyar al'adu. Dokar ta haɗa har da gwanintar hannu, kuma daga 1955 a ka fara naɗa gwanayen rini da saƙa da gini da ƙira a matsayin masu riƙe da ita, a na taimaka musu su koyar. Tunanin da ke ƙarƙashin wannan tsoho ne a ƙasar: wurin ibada na Ise a na rushe shi a sake gina shi duk shekara 20, na baya-bayan nan a 2013, don haka katakon sabo ne kullum, sanin aikin ne ya tsufa.

6. Inda za a nema

Majiyoyin iri huɗu ne. Na farko kayan kansu. Gidan kayan tarihi na ƙasa a Tokiyo ya samo asali daga wani nuni na 1872, na Nara ya buɗe a 1895, na Kiyoto a 1897, na Kiyushu a 2005. Da yawa daga manyan kaya har yanzu na hannun haikalai, kuma saboda haske na cin takarda da siliki, ba a fito da su sai na 'yan makonni. Kayan Shosoin a kan nuna kaɗan daga cikinsu kusan kowace kaka a Nara tun 1946. A waje, gidan kayan fasaha na Bostan, inda tarin Fenollosa ya sauka kuma Okakura ya yi aiki har rasuwarsa a 1913, shi ne kan gaba. Sai Freer a Washintan, da gidan kayan tarihi na Biritaniya a Landan, da Guimet a Faris.

Na biyu rubutun da ke jikin kayan: sa hannu, da hatimi, da bayanin akwatin ajiya, da takardun da a ke samu a cikin cikin siffofi, kamar waɗanda a ka tarar sa'ad da a ka kwance masu gadin Todaiji don gyara tsakanin 1988 da 1993. A hotunan bugu, hatimin masu tace ɗab'i, wanda a ka fara wajen 1790, yana taimakawa ƙwarai wajen sanin shekara.

Na uku littattafai. Honcho gashi, na ƙarshen ƙarni na 17, tarihin masu zane ne da Kano Eino ya fitar, kuma ba abin mamaki ba ne da ya sa gidansu a ƙololuwa. Littafin Fenollosa, wanda ya fito a 1912 bayan rasuwarsa, da na Okakura na 1903, yanzu a karanta su don sanin tunanin zamaninsu. Mai farawa ya fi kyau ya riƙe The Art and Architecture of Japan na Paine da Soper, na 1955, ko History of Japanese Art na Penelope Mason, na 1993, sa'an nan na Tsuji Nobuo, wanda ya fito da Japananci a 2005 a ka fassara shi Turanci daga baya, domin a ji muryar masanin gida.

Na huɗu intanet, wadda ta fi amfanar wanda ke nesa. ColBase na nuna kayan gidajen tarihi na ƙasa, JAANUS ƙamus ne na kalmomin gini da fasaha, ukiyo-e.org kuma na jera bugu dabam-dabam na hoto guda daga gidaje da yawa, har ɗalibi ya ga da idonsa yadda layi ke kauri da yankewa in allo ya tsufa.

Sauran gargaɗi uku ga malamin da zai kai wannan aji. Sunan dangi ke zuwa farko, amma masu zane da sunan sana'a a ka san su, kuma su kan canza shi; Hokusai ya yi amfani da fiye da 30. Shekaru a na ƙirga su da sunan zamanin sarauta, kuma kalandar wata a ke bi kafin 1873, don haka a kan sami saɓanin shekara guda tsakanin littattafai. Tsawon wasali na bambanta ma'ana a Japananci kamar a Hausa, littattafai da yawa kuwa, har da wannan takarda, ba sa nuna shi, sai a duba ƙamus kafin a furta.

Ga darasi, shawarata ita ce a ɗauki abu guda a zamani guda, a ce kwanon gilas na Shosoin, ko shafi ɗaya na Genji, ko igiyar ruwan Hokusai, a tambayi ɗalibai wa ya biya kuɗinsa, hannu nawa su ka taɓa shi, daga ina kayan aikin su ka zo, da kuma wanda ya ajiye shi har ya iso gare mu. Ɗalibin da ya saba da waɗannan tambayoyi huɗu zai iya ɗaukarsu ya shiga marina ko maƙera ta garinsu da su.